Ranar da Goggo Ta Tsame Uwar Kifi

Kwanakin baya na kai autata wurin likitan haƙori. Muna zaune a benci muna jiran a kira mu, sai kunnena ya tsinto wani sauti da na daɗe ban ji ba: ɓul-ɓul-ɓul, kumfar iska tana tasowa daga gindin ruwa. Na waiga, sai ga akwatin gilashi a kusurwar ɗakin, da wasu jajayen kifaye suna kai-komo a ciki kamar ma'aikatan da aka sallama ba a gaya musu dalili ba. Yarinyar ta je ta manna hancinta a jikin gilashin. Ni kuwa ina zaune sai na ji ƙanshin man gyaɗa sabon matsa da ƙarnin jiƙaƙƙen yashi, alhali ɗakin ba abin da yake yi sai warin magani. Hanci ba ya shawara da mai shi. Kafin a kira mu na riga na isa Kontagora, ina 'yar shekara tara, tsaye a falon Baba, riƙe da tasa.

Bari in fara gaya maka ko 'yar wace ce ni, don a nan maganar take. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Da aka yaye ni ba a mayar da ni wurin mahaifiyata ba. Baba ya ba yayarsa ni, kamar yadda aka saba yi wa wadda Allah bai ba haihuwa ba. Goggo ta yi zaman aure a Tungan Magajiya har mijinta ya rasu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da ta fita takaba sai ta kwaso kwanukanta ta dawo gidan ubanta. Ɗakinta yana gabas da tsakar gida, na mahaifiyata yana yamma, tsakaninsu rijiya da bishiyar lemun tsami da igiyar shanya. Tafiyar ba ta kai a sa takalmi ba, amma a wurina ƙasa biyu ce, kowacce da dokarta.

Mahaifiyata mace ce irin ta da, wadda ta ɗauki alkunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta kiran sunana, ba ta dubana ido cikin ido, in aka yabe ni a gabanta sai ta tashi ta tafi duba tukunya. In ta kama dole, "ke 'yar Goggo" take cewa. Ƙannena suna ce mata Inna. Ni ba ni da abin da nake kiranta, ita ma ba ta da abin da take kirana, muka yi kunnen doki. Ban taɓa jin abin ya dame ni ba, don ina da Goggo. A bayanta nake kwana, ina shaƙar man gyaɗan da ya kama zanenta, don sana'arta ke nan, mai da ƙuli-ƙuli. Ita take tsefe mini kai tana zagin wanda na gado wannan gashi mai gardama. Ita ta raka ni makaranta ranar farko, ta shaida wa hedimasta cewa duk wanda ya dake ni da ita ya yi. "Uwata" take ce mini in tana cikin nishaɗi, "ja'ira" in na ɓarar da mai.

Shi ma Baba a bayanta ya girma, don uwarsu ta rasu yana rarrafe. Zuriyarmu malamai ne da magatakarda tun kafuwar garin. Kakanni sun bar littattafan fiƙihu a gafaka, shi kuwa ya tashi ya zama malamin kimiyyar halittu a sakandare, yana zana hanjin kwaɗo a allo. Dangi sun haƙura da wannan, tunda ana biyan albashi. Abin da suka kasa ganewa shi ne akwatin kifi.

Mai walda ne ya haɗa masa ƙarfen, mai gilashin taga ya yanka masa gilashi, shi da kansa ya liƙe gaɓoɓin, ya cika ya zubar, ya cika ya zubar, har yoyo ya daina. Yashin daga rafi aka ɗebo, aka wanke shi kamar shinkafar biki. Ya jera tsingaron tsohuwar randa a ciki don kifayen su sami maɓoya. Ruwan famfo ba ya shiga sai ya kwana a bokiti, wai maganin da ake zuba masa ya fice. Akwai wani ɗan inji, bai fi sabulun wanki girma ba, da abokinsa ya kawo masa daga Ikko. Shi ne mai ɓul-ɓul ɗin. In an ɗauke wuta, abin da ba ya wuya a lokacin, sai ka ga malamin sakandare a durƙushe yana ɗibar ruwan da moɗa yana kwararo shi daga sama don iska ta shiga.

Kifayen daga wajen Yawuri ya zo da su a jarka, daga hannun Sarkawa masunta, waɗanda aka ce sun yi ta dariya da ya ce ƙanana yake so, kuma masu rai. A littafinsa sunan danginsu sikilid. A kasuwa sunansu karfasa, kuma kasuwa ta fi littafi yawan mabiya.

Ranar da aka zuba su Goggo ta tsaya a ƙofar falo, hannu a ƙugu.

"Kifin da ba a ci, ba a sayarwa, sai dai a ciyar da shi a zauna ana kallo. Malam, wannan ai ba kiwo ba ne, sarauta ce ka naɗa a ɗaki."

"Yaya, ilimi ne."

"Ilimin da yake ƙarni?"

Malam ɗin nan da take ce masa tsokana ce. In da gaske take magana, "auta" take kiransa, ko da kuwa a gaban ɗalibansa ne.

Amma ita ce ta fara kamuwa. Hujjarta ta addini ce: duk dabbar da ka tsare, gobe ƙiyama sai ta tsaya da kai a kan cinta da shanta, kuma ita ba ta yarda auta zai tuna ba. Da haka ta soma shiga falon da 'yar dusa a tafin hannu. Daga baya in ta idar da la'asar sai ta ɗauki carbinta ta zauna a tabarma gaban gilashin, ni ina jingine da cinyarta, hasken yamma yana ratsa ruwan yana rawa a bango. Ta raɗa musu sunaye irin na gulma: akwai Sarkin Yawa, babban namijin da yake korar kowa, akwai Mai Kunya da ba ta fita daga bayan tsingaro, akwai wasu biyu da take kira 'Yan Rakiya.

Yanzu ga abin da ya kamata ka sani, wanda mu ba mu sani ba. Karfasa irin wannan a baki take goyo. In zafi ya yi, namijin yakan yi duhu, ya tono rami a yashi da bakinsa, ya share shi tas. Macen ta zo ta zuba ƙwai a ramin, sa'an nan ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta adana a bakinta. Daga ranar ta daina cin abinci, sai dai ta yi ta juya su a hankali don ruwa ya ratsa, har su ƙyanƙyashe, har su iya iyo. Ko bayan ta sake su, in ta ga inuwar da ba ta amince da ita ba, buɗe baki take yi su ruga su koma ciki, sai hankali ya kwanta ta sake furzo su.

Wannan bayani da na yi maka a ɗan sarari kaɗan, Baba ya yi wa ɗalibai, ya yi wa abokan aikinsa da Turanci suna shan shayi, amma bai taɓa yi wa kowa a cikin gida ba. Burinsa ya ga an yi haihuwar nan a akwatinsa, ya nuna wa ɗalibansa da idonsu abin da suke haddacewa daga zane. Shekara uku yana nema. Sau biyu macen ta ɗauki ƙwai, sau biyu ya yi shela, malamai suka cika falo suna ƙwanƙwasa gilashi da biro, ta firgita ta zubar. A ilimance ya ce hayaniya ce. A ransa kuwa, ɗan gidanmu ne, ya san ana cewa baki. Don haka da Mai Kunya ta ɗauka karo na uku, a wata damina ta ƙarshen shekarun tamanin, sai masanin kimiyya ya bi tsarin kakanninsa mata: ba a faɗin ciki sai ya faɗi kansa. Ya rataya tsohon zane a gefen akwatin, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ana cikin haka aka kira shi Minna duba takardun jarrabawa. Ya lissafa ya ga zai dawo kafin ta sake su. Har ya sa an yanko masa gilashin da zai raba akwatin biyu, uwa da 'ya'ya gefe guda, sauran gefe guda, ya jingine shi a bayan ƙofa. Abin da ya bar wa Goggo na wasiyya shi ne, "Yaya, dusa kaɗan da safe. Waccan ta bayan tsingaro ba ta ci, a ƙyale ta." Goggo ta ce wane irin a ƙyale ta, ya ce a dai ƙyale ta. Takardun suka fi yadda aka zata yawa, aka ƙara musu kwanaki.

Wata Asabar da safe, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk ganyen lemu, muka shiga falo da dusa. Goggo ta ɗaga zanen. A gaban tsingaron sai ga wani abu kamar an watsa riɗi a ruwa, sai dai kowace ƙwaya da idanu biyu, suna motsi tare kamar hayaƙi. Mai Kunya tana tsakiyarsu, ta rame, kai ya fi jiki.

"Uwata, zo ki gani! An sauka!" Goggo ta rangaɗa 'yar guɗa ƙasa-ƙasa. "Shi ya sa baiwar Allah ta ƙi abinci, ashe laulayi ne. Barka da arziki, barka."

Ta sunkuya don ta ƙara gani, awarwaronta ya bugi gilashin, ƙwas. Uwar ta karkata, ta buɗe baki, riɗin nan ya kwarara ciki kamar 'yan makaranta sun ji ƙararrawa. Kafin ka ƙifta ido ruwa ya zama wayam, maƙogwaronta ya kumbura.

Ban taɓa jin salati irin na ranar ba.

"Cinye su ta yi! Ke, miƙo rariya! Ɗebo ruwa a tasa, yi sauri!"

Na ruga na dawo. Goggo ta naɗe hannun riga ta tsoma rariyar tankaɗe a cikin ilimin Baba. Tsingaro ya kife, yashi ya tashi, Sarkin Yawa ya yi ta kansa. Da rariya ta tare Mai Kunya a kusurwa, tsoro ya sa ta furzo 'ya'yan gaba ɗaya, suka watsu cikin ruwan. Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi, ta amayo su." Ta tsamo ta tana fal-fal, ta saka a tasar da nake riƙe da ita, ta tsaya tana haki tana dubanta.

"Muguwa. Wasu suna nema da kuka ba su samu ba, ke an ba ki kin mayar abinci."

Ta kai tasar bakin ƙofar ɗakinta, ta watsa mata dusa, don ko mai laifi yana da haƙƙi. Kifin ba ta kula dusar ba. Sai zagaya tasar take yi, tana bin gefe, tana buɗe baki tana rufewa, tana buɗewa tana rufewa. Goggo ta ɗauko gyaɗa za ta ɓare, amma na lura hannunta ya fi zama a kan cinya, idonta yana cikin tasar.

A falo kuwa, Sarkin Yawa da 'Yan Rakiya suna can suna aikata laifin da aka kama wata a kansa. Zuwa azahar riɗin ya ragu. Muka ce ɓuya suka yi. Washegari da safe muka tarar da Mai Kunya a ƙasa gefen tasa, ta yi tsalle ta fito, ta bushe, tururuwa sun yi mata layi. Da la'asar Baba ya dawo, da burodi a hannu.

Ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe. Sa'an nan ya tambaya, Goggo ta ba shi labari tiryan-tiryan, da muryar wadda ta yi abin kirki amma ta fara shakka.

"Yaya, ba cin su take yi ba," in ji shi, a hankali. "Ɓoye su take yi. A bakinta ta goya su. Yunwar nan da kika ga tana yi, saboda su ne."

"To ni ina na sani? Ka gaya mini? In ga uwa tana haɗiye 'ya'yanta in tsaya ina kallo?"

"Uwa ba ta cin ɗanta. Da kin taɓa haihuwa da kin sani."

Maganar ba ta ma inganta a ilimance ba. Littattafansa cike suke da kifayen da suke cin 'ya'yansu, kuma ya fi kowa sani. Amma ba a mayar da magana ciki don an gano kuskure a cikinta. Mahaifiyata tana bakin ƙofa da kofin ruwan da ta kawo wa matafiyi. Ta durƙusa ta ajiye shi a ƙasa, a hankali, kamar mai gudun kada ya yi ƙara, ta juya. Injin nan yana ta ɓul-ɓul abinsa.

Goggo ta ce, "Gaskiyarka, Malam." Babu tsokana a ciki ko kaɗan. Ta kama hannuna muka fita.

Ba ta yi kuka ba, ba ta daina gaisuwa ba. Baba ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna, ta ce ba komai, ya tashi ya huta, ya sha hanya. Kwanakin da suka biyo baya ta wanke kayana kaf, har waɗanda suka yi mini kaɗan. Ta ɗinke abin da ya yage. Ta yi mini kitso ƙanana irin na salla, ta ƙunsa mini lalle, ni kuwa ina ta murna ina tambaya bikin wa za mu. Da safiyar ranar da motar Rijau, mai bi ta Tungan Magajiya, take lodi, ta ɗora akwatina a ka, ta riƙe hannuna, muka wuce rijiya, muka sunkuya ƙarƙashin igiyar shanya, ta yi sallama a ɗakin yamma.

"Ga amanarku. Ku duba, ba abin da ya ragu a jikinta."

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. "Goggo, ni ba ni da 'ya a nan. 'Yarki ce."

"Na sani. Riƙe mini."

Da na gane abin da ake ciki na riƙe zanenta da hannu biyu da haƙori. Ita da kanta ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ja'ira, za ki ɓata lallen." Ta koma Tungan Magajiya, ɗakin da dangin mijinta suka daɗe suna cewa nata ne duk ranar da ta so. Cikin kwanukan da ta ɗaure har da tasar nan.

A ƙarƙashin tsingaron da ya kife, Baba ya sami waɗanda suka tsira. Ba su da yawa, duk da uwarsu ta saki abin da ya cika ido. Ya ɗauko gilashin da ya jingine a bayan ƙofa ya raba akwatin, aikin da ya zo a makare kamar yawancin ayyukan hankali. Daga nan ya shiga reno. Yakan dafa ƙwai ya ciro gwaiduwa, ya murza ta a ƙyalle cikin ɗan ruwa, ya ɗiga musu da tsinken ashana. Ran da hannunsa ya yi nauyi ruwa ya yi fari ya yi wari, ya rasa wasu, ya koyi cewa ƙoshi ya fi yunwa kashe jariri. Ya jera kwalabe a taga rana tana dukansu har ruwan ya yi kore, yana ba su cokali-cokali. Kowace safiya yakan zuƙe dattin gindin akwatin da siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, sa'an nan ya ɗaga bokitin a haske yana dubawa, kada a ce ya zuƙo wani. In an fita tara a makaranta sai ka ji babur ɗinsa a ƙofar gida, ya ɗiga musu abinci ya koma. Da suka yi wayo ya koma daka musu busasshen kifi da dusa. Da sanyi ya shigo, bargonsa ya koma kan akwatin, shi ya rufa da babbar riga.

Suka rayu. Daga riɗi suka koma kamar ƙwayar kabewa, zane-zane suka fito musu a gefe, har suka fara korar juna. Da hannunsa Baba ya tabbatar, a gwaji mai kyau irin wanda ake ba maki, cewa wanda bai haifa ba yana iya raino. Ban san ko ya lura ba. Ina jin ya lura, don ɗaliban da ya yi shekara uku yana jiran ya nuna wa, bai gayyaci ko ɗaya ba.

Ana bikon mata, amma ban taɓa jin an yi bikon 'yar'uwa ba sai a gidanmu. Baba ya tafi da goro da turmin atamfa da wani dattijo cikin dangi. Aka ce ta yanka musu kaza, ta ce ta yafe duniya da lahira, ta tambayi lafiyar kifaye. Da aka zo batun dawowa sai ta ce gyaɗar can ta fi mai. Ya sake komawa bayan salla, ya sake komawa wata shekarar. Kullum kaza, kullum yafiya, kullum gyaɗa.

Ni kuwa na zama baƙuwa a ɗakin da aka haife ni. Na daina shiga falo. Ina kwana a ƙarshen tabarma, fuskata a bango, ina neman ƙanshin mai a zanen da babu shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne matar nan da ba ta taɓa dubana ba ta san ba na cin miyar kuɓewa, ta san kunnena na hagu yana ciwo in an yi ruwa, ta san ƙanzo nake so ba saman tukunya ba. Ba wanda ya gaya mata. Sai in tarar da ƙanzon a rufe a gefe, ita kuma tana can tana duba wata tukunyar.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai, a tsakiyar shekarun casa'in, na iya zuwa Tungan Magajiya ni kaɗai. Na same ta ta ƙanƙance, 'yan matan maƙwabta ne suke murza mata tunkuza tana ba da umarni. Tasar tana gindin bango, kaji suna shan ruwa a ciki. Bayan mun ci abinci na yi ƙarfin hali irin na mai sabon ilimi, na ce, "Goggo, Baba ne ya yi miki laifi. Ni me na yi?"

Ta yi dariya har da tari.

"Ke kina tsammanin maganar auta ce ta kore ni? Yaron da na share wa majina? Ta yi zafi, ba na musu. Amma bakinsa ai ni na koya masa magana da shi." Ta dubi kajin. "Kifin nan ne, uwata. Kin tuna yadda ta yi ta zagaya tasa tana buɗe baki? Ni ina cewa haɗama ce. Da ya ce ɓoye su take yi, sai na gane kiransu take yi. Na ɗaga ido, sai ga uwarki a bakin ƙofa da kofi. Shekara nawa tana zagaya tsakar gidan nan, tana wucewa ta ƙofata ba abin da ta zo ɗauka, bakinta a rufe don kunya. Ni kuma ina zaune da ke a cinya, ban taɓa dubawa ba. Na raba uwa da 'ya'ya sau ɗaya a kan rashin sani. Na biyun kuwa na riga na sani."

Na ce ai da ta zauna a gidan, ko da na koma ɗakin yamma.

"Da ina gidan, wane ɗaki za ki gudo in an yi tsawa?"

Mu duka mun san amsar.

Ta rasu kafin in yi aure. Bayan an yi bakwai Baba ya kwashe kifayensa, jikokin jikokin marayun nan, ya kai rafi ya sake su. Akwatin ya koma ma'ajiyar tsofaffin takardu, har gilashin ya tsage aka fitar da shi.

Yanzu in ka zaga Kontagora, gidaje da yawa suna kiwon kifi, tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol, ana ɗora su a sikeli. Goggo da ta ga wannan da ta ce a to, yanzu aka yi hankali. Ba mai zama da carbi yana kallonsu. Riƙo ma ya ja baya. Matan yanzu ba sa ba da ɗa, kuma ba na ganin laifinsu. Tawa 'yar farin, sunanta nake ƙwalawa a tsakiyar kasuwa ba kunya ba tsoron Allah, tsofaffi suna kallona. Duk shekara in na zo darasin kifaye a aji, nakan gaya wa yara tun kafin in yi zane cewa ɓoye su take yi, kuma in ce su je gida su gaya wa iyayensu mata da goggonninsu, ko ba a tambaye su ba.

Mahaifiyata tana nan da ranta, a ɗakin yamma. Har yau ba ta kira sunana ba, in na buga waya, "Ke ce?" take cewa, sai ta tambayi kunnena. Na san abin da Goggo ta gani a bakin ƙofar nan gaskiya ne, kuma na san abin da ta yi adalci ne. Sai dai a duk shari'ar, daga mai rariya har mai kofi, ba wanda ya tambayi riɗin. Ɗakin gabas yanzu buhunan masara ne a ciki. Amma in na je gida da damina, hadari ya haɗo, aka yi tsawar farko, sai in tsinci kaina a tsaye tsakanin rijiya da igiyar shanya, mace da furfura a ka, ina duban gabas ina duban yamma.